William Bradford: Marayan da littafinsa ya zama tushen salsalar miliyoyin Amurkawa

A ɗakin karatu na Jihar Massachusetts, cikin ginin majalisar jihar da ke birnin Boston a Amurka, akwai wani tsohon littafi rubutun hannu mai shafi kusan 270 wanda ake tattalinsa kamar ƙwai. A shafukansa na ƙarshe akwai jerin sunayen mutanen da suka taso daga Ingila cikin jirgin ruwan Mayflower a shekarar 1620, gida gida, da bayanin wanda ya mutu, da wanda ya yi aure, da adadin 'ya'yan da kowa ya haifa. Duk Ba'amurken da ke son tabbatar da cewa kakanninsa suna cikin wannan jirgi, kan wannan jeri bincikensa yake ƙarewa. Wanda ya rubuta shi shi ne William Bradford, gwamnan garin Plymouth na sama da shekara 30, mutumin da ya tashi ba uwa ba uba, ya kuma ƙare rayuwarsa yana lissafin zuriyar abokan tafiyarsa.

Maraici a Austerfield

An haifi Bradford a ƙauyen Austerfield da ke yankin Yorkshire a arewacin Ingila, aka yi masa baftisma ranar 19 ga Maris, 1590. Danginsa manoma ne masu gonakin kansu da rufin asiri. Yana da shekara ɗaya mahaifinsa ya rasu. Da ya kai shekara huɗu mahaifiyarsa, Alice, ta sake aure, aka miƙa shi hannun kakansa. Bayan shekara biyu kakan ya rasu, mahaifiyar ta bi bayansa a 1597. Haka yaron ya koma hannun baffanninsa yana ɗan shekara bakwai, su kuwa burinsu ya zama manomi kamar iyayensa.

Wata doguwar rashin lafiya ta hana shi aikin gona, sai ya duƙufa ga karatu, musamman na Littafi Mai Tsarki. Yana da kimanin shekara 12 ya fara tattaki zuwa garin Babworth don sauraron wa'azin wani limamin coci mai suna Richard Clyfton, wanda yake ganin Cocin Ingila ta cika da al'adun da ba su da tushe a nassi. A nan ya haɗu da William Brewster, mai kula da gidan saƙo na garin Scrooby, wanda ya riƙe shi kamar ɗansa, yana ara masa littattafai. Baffanninsa sun yi iya ƙoƙarinsu su raba shi da wannan jama'a, abin ya faskara.

A wancan zamani sarki ne shugaban Cocin Ingila, saboda haka ficewa daga cikinta laifi ne a idon hukuma. Bayan hawan Sarki James na Ɗaya a 1603 aka ƙara matsa wa masu irin wannan ra'ayi. Jama'ar Scrooby suka riƙa taruwa a ɓoye a gidan Brewster, ana cin wasu tara, ana ɗaure wasu. A 1607 suka yi yunƙurin guduwa zuwa Holan ta tashar garin Boston na yankin Lincolnshire, amma mai jirgin da suka yi ciniki da shi ya bashe su ga hukuma, aka kama su, har da Bradford. Sai a 1608 suka samu tsallakewa kashi kashi zuwa Amsterdam, shekara guda bayan haka suka koma birnin Leiden tare da limaminsu John Robinson.

Shekarun Holan

A Leiden ɗan manomi ya koyi saƙa, ya zama masaƙin wani yadi mai kauri da ake haɗa auduga da lilin. Da ya cika shekara 21 a 1611 ya karɓi gadonsa, ya sayi gida. A Disambar 1613 ya auri Dorothy May a Amsterdam, suka sami ɗa namiji, John. Littattafan aure da na zama ɗan gari na biranen Holan sun adana sunayen waɗannan baƙi da sana'o'insu da garuruwan da suka fito, kuma har yau masu binciken nasaba suna komawa gare su.

Jama'ar sun sami 'yancin ibada a Holan, amma rayuwa ta yi musu tsanani. Aiki mai wuya ya tsufar da manya tun lokaci bai yi ba, 'ya'yansu kuma suna tasowa da harshe da ɗabi'un mutanen ƙasar, wasu suna shiga soja, wasu aikin jirgi. Ga kuma yarjejeniyar tsagaita wuta ta shekara 12 tsakanin Holan da Sifen tana shirin ƙarewa a 1621. Waɗannan dalilai suka sa wani ɓangare na jama'ar ya yanke shawarar ƙetare teku zuwa Amurka. Da yake ba su da kuɗin tafiya, sai suka ƙulla yarjejeniya da wasu attajiran Landan ƙarƙashin jagorancin Thomas Weston: attajiran su biya kuɗin jirgi da guzuri, matafiyan su yi aiki a dunƙule na shekara bakwai, sannan a raba abin da aka samu.

Bradford da Dorothy suka bar ƙaramin ɗansu a Holan, suka shiga jirgin Speedwell a tashar Delfshaven cikin Yulin 1620. A Southampton suka haɗu da Mayflower, wanda ya ɗauko wasu matafiya da attajiran suka tattaro, mutanen da ba ruwansu da aƙidar jama'ar Leiden. Speedwell ya riƙa yoyo, sau biyu ana komawa gaɓa, daga ƙarshe aka haƙura da shi. Ranar 6 ga Satumba, bisa tsohuwar kalandar Ingila, Mayflower ya bar tashar Plymouth shi kaɗai da fasinja 102.

Ƙetare teku da hunturun farko

Kwana 66 suka yi a kan ruwa. Wani saurayi, William Butten, ya rasu a hanya, matar Stephen Hopkins kuma ta haifi ɗa aka sa masa suna Oceanus. Cikin wata guguwa igiyar ruwa ta share wani bara mai suna John Howland ta jefa shi teku, ya yi sa'ar cafke wata igiyar jirgi, aka jawo shi sama. Niyyarsu su sauka kusa da bakin kogin Hudson, inda takardar izininsu ta ba su dama, amma iska da duwatsun ƙarƙashin ruwa suka tilasta musu tsayawa a Cape Cod, can arewa. Ganin wasu matafiya sun fara cewa babu dokar da ta hau kansu a wannan wuri, sai maza 41 suka sa hannu kan wata gajeriyar yarjejeniya ranar 11 ga Nuwamba, suka ɗauki alkawarin kafa hukuma da bin dokokin da za su yi wa kansu. Aka zaɓi John Carver gwamna.

Bradford yana cikin waɗanda suka riƙa fita neman wurin zama. A ɗaya daga cikin fitar tarkon barewa na 'yan ƙasa ya kama ƙafarsa. A irin wannan yawo ne baƙin suka tono masarar da mutanen yankin suka binne don iri, suka kwashe, suka kuma taɓa wasu kaburbura; sai bayan watanni suka biya kuɗin masarar. Da ya komo jirgi daga fita ta uku cikin Disamba, ya tarar matarsa Dorothy ta faɗa ruwa ta nutse. Cikin dukan labarin da ya rubuta daga baya bai kawo wannan al'amari ba. A jerin sunayen ƙarshen littafin ne kawai ya ambaci cewa matarsa ta rasu jim kaɗan da isowarsu. Yadda ta rasu, daga alƙalamin Cotton Mather aka ji shi, shekaru da dama bayan haka.

Wurin da suka zaɓa, wanda suka kira Plymouth, kufan wani gari ne na ƙabilar Wampanoag mai suna Patuxet, wanda annobar da ta auku tsakanin 1616 da 1619 ta share mutanensa. Sanyi da yunwa da ciwon huhu da cutar rashin ɗanyen abinci suka far wa baƙin. Akwai lokacin da mutum shida ko bakwai kaɗai ke iya tsayuwa, su ne masu jinya, su ne masu dafa abinci, su ne masu binne gawa. Bradford kansa ya kwanta har aka fid da rai. Kafin bazara kusan rabin matafiyan sun mutu. Cikin matan aure 18 da suka taso, huɗu ne suka ga kakar shekarar 1621.

Gwamna yana ɗan shekara 31

A Maris 1621 wani ɗan ƙasa mai suna Samoset ya shigo garin yana gaishe su da Turanci. Shi ya kawo musu Tisquantum, wanda aka fi sani da Squanto, ɗan Patuxet da wani matuƙin jirgi Bature, Thomas Hunt, ya sace a 1614 ya kai Sifen don sayarwa. Ya kuɓuta, ya zauna a Landan, ya komo gida a 1619 ya tarar babu kowa nasa. Shi ya yi tafinta lokacin da aka ƙulla yarjejeniyar zaman lafiya da Massasoit, sarkin Wampanoag, shi kuma ya koya wa baƙin shuka masara da takin kifi. Massasoit yana da nasa lissafi: annoba ta raunana jama'arsa, maƙwabtansa Narragansett suna barazana, yana bukatar abokai masu bindiga.

Carver ya rasu a Afrilu, aka zaɓi Bradford a madadinsa. Daga nan har mutuwarsa shi ake zaɓa kowace shekara, in ban da shekara biyar da Edward Winslow da Thomas Prence suka riƙe kujerar. A kakar wannan shekara ta farko aka yi bikin girbi na kwana uku tare da Massasoit da mutanensa kimanin 90, bikin da Amurkawa ke danganta ranar godiyarsu ta shekara shekara da shi.

Babbar shawarar da ya yanke a farkon mulkinsa ita ce ta 1623, lokacin da ya ga noman gayya ya kasa ciyar da garin. Ya ba kowane gida gona gwargwadon yawan mutanensa, kowa ya noma masararsa, amfanin gona ya ƙaru. A shekarar ce kuma ya auri Alice Southworth, bazawara mai 'ya'ya biyu da ta iso cikin jirgin Anne. Suka haifi William da Mercy da Joseph, ɗansa John ma ya iso daga Holan daga baya. A 1627 shi da wasu manyan garin bakwai suka ɗauki bashin fam 1,800 da attajiran Landan ke bin jama'a a wuyansu, a kan a bar musu cinikin fatu, bashin da bai ƙare ba sai cikin shekarun 1640. A 1630 aka ba da takardar mallakar ƙasar da sunansa, wadda da ya so da ta mai da shi mai gari na gado, amma ya miƙa ta ga jama'ar garin a 1641.

Tarihinsa da 'yan asalin ƙasar yana da tabo. A 1623, da amincewar hukumarsa, jagoran mayaƙan garin Myles Standish ya kashe wasu 'yan ƙabilar Massachusett a Wessagusset bisa zargin suna shirya hari, aka kafa kan ɗayansu a ganuwar Plymouth. Liman Robinson ya aiko da wasiƙar nuna ɓacin rai daga Leiden. A 1637, lokacin da dakarun Turawan maƙwabtan yankuna suka ƙone garin ƙabilar Pequot a Mystic da ɗaruruwan mutane a ciki, Bradford ya rubuta labarin a matsayin nasarar da ta cancanci godiya. Zaman lafiya da Wampanoag ya ɗore iya rayuwarsa, amma a 1675 yaƙi ya ɓarke tsakanin Turawa da Metacom, ɗan Massasoit, kuma ɗan Bradford, William, yana cikin manyan mayaƙan da suka ji rauni a cikinsa. Tun 1970 'yan asalin ƙasar suke taruwa a Plymouth a ranar bikin godiya don zaman makoki.

Littafin da jerin sunayen

Bradford ya fara rubuta tarihin garin a 1630, shekarar da John Winthrop ya iso da babban ayari ya kafa Boston. Cikin shekara goma da suka biyo baya kimanin Turawan Ingila 20,000 suka kwararo yankin, Plymouth ta koma ƙaramar ƙanwa. Ya ajiye alƙalami, ya sake ɗauka cikin shekarun 1640, ya kawo labarin har 1646. Shafukan ƙarshe cike suke da damuwar tsoho mai kallon jama'arsa suna watsewa zuwa Duxbury da Marshfield da Eastham don neman gonaki da makiyaya.

Wajen 1650 ya zauna ya jera dukan waɗanda suka zo cikin jirgin, ya bi kowane gida ya faɗi makomarsa. Ya rubuta gidajen da suka ƙare kaf a hunturun farko. Ya rubuta John Billington, wanda aka rataye a 1630 saboda kisan kai. Ya rubuta Howland, wanda aka tsamo daga teku, ya auri Elizabeth Tilley da ta rasa iyayenta duka biyu a wancan hunturu, suka haifi 'ya'ya goma. Bisa lissafinsa, cikin shekara 30 'yan tsirarun da suka tsira sun samar da zuriya fiye da 160 masu rai, kuma kusan mutum 30 daga cikin matafiyan asali suna nan. A ƙarshen rayuwarsa ya koyi Ibrananci don ya karanta Tsohon Alkawari cikin harshensa na asali, atisayen da ya yi yana nan a shafukan farko na littafin. Ya rasu ranar 9 ga Mayu, 1657, yana da shekara 67. Matafiyar ƙarshe, Mary Allerton, ta rasu a 1699, shekara takwas bayan an haɗe Plymouth da Massachusetts.

Ɓacewa da dawowa

Bradford bai buga littafin ba. Ya zauna hannun zuriyarsa, masana tarihi suna aro. Nathaniel Morton, ɗan 'yar'uwar matarsa, ya ɗebi abubuwa da yawa daga ciki a littafin da ya wallafa a 1669. Daga baya ya shiga hannun wani limami, Thomas Prince, wanda ya ajiye shi a hasumiyar cocin Old South da ke Boston. Lokacin yaƙin neman 'yancin Amurka sojojin Birtaniya suka mamaye cocin, littafin ya ɓace, aka yi kusan shekara 80 ba a san inda yake ba.

A 1855 aka gano shi a ɗakin karatu na Bishop ɗin Landan da ke Fadar Fulham, bayan wani mai bincike ya lura cewa wani littafin tarihin coci ya ɗauko jimloli daga wani rubutu da ke can masu kama da na Bradford. Aka kwafe shi, ƙungiyar masana tarihi ta Massachusetts ta buga shi a 1856. A lokacin ne jama'a suka fara ganin cikakken jerin matafiyan. Neman a mayar da asalin littafin ya ɗauki shekara 40, sai a 1897, da ƙoƙarin Sanata George Hoar, kotun cocin Landan ta amince, jakadan Amurka Thomas Bayard ya ɗauko shi zuwa Boston. A shekarar ce aka kafa babbar ƙungiyar zuriyar matafiyan Mayflower a Plymouth.

Yadda ake bin sawun zuriya

Jerin Bradford tsakiyar sarƙar ne. Mai neman salsala yana farawa da kansa, ya bi takardun haihuwa da aure da mutuwa, da wasiyyoyi, da takardun filaye, tsara bayan tsara, har ya kai ga ɗaya daga cikin sunayen. A Plymouth akwai ƙarin shaida biyu masu ƙarfi: rabon filaye na 1623, da rabon shanu na 1627 wanda ya ambaci mazauna garin har da ƙananan yara. Ƙungiyar zuriyar ba ta karɓar labarin baka. Kowace tsara sai da takarda.

Daga can sai a juya baya zuwa Ingila, inda tun 1538 aka umarci majami'u su riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza. Aikin yana da tarko. Kafin 1752 sabuwar shekarar Ingila tana farawa ne ranar 25 ga Maris, shi ya sa baftismar Bradford take ƙarƙashin 1589 a littafin cocin Austerfield. Kuskuren harafi ɗaya ma yakan ɓatar da gari: a littafin Mather na 1702 sunan ƙauyen ya fito a karkace, har sai da wani masanin tsofaffin takardu ɗan Yorkshire, Joseph Hunter, ya gano Austerfield da Scrooby a 1849.

Jerin yana da giɓi. Bradford bai faɗi garuruwan da mutane suka fito ba, bai ambaci sunayen gidajen iyayen mata ba, wasu matan da barori ma ko sunansu babu. Yara huɗu 'yan gidan More, waɗanda ya nuna an rarraba wa iyalai, sai a tsakiyar ƙarni na 20 aka gano cewa 'ya'yan wani gidan masu ƙasa ne a Shropshire, mijin uwarsu ya tura su ƙetare bayan rikicin aure. Ɗaya kaɗai, Richard, ya rayu.

Yau zuriyar matafiyan ta kai miliyoyi. Shugaba John Adams da ɗansa John Quincy Adams sun fito daga tsatson John Alden da Priscilla Mullins. Franklin Roosevelt da George Bush, uba da ɗa, suna cikin jikokin John Howland, baran da igiya ɗaya ta hana shi nutsewa. Bradford kansa yana kwance a maƙabartar tudun da ke kallon tashar ruwan Plymouth, wurin da jama'arsa suka gina ganuwarsu ta farko.